SERS ko TERS: wacce ta fi nuna girgizar ƙwayar sinadari ɗaya?

Kowace ƙwayar sinadari tana girgiza, kuma ɗan kaɗan daga hasken da ya dake ta yana dawowa da launi daban. Masanin kimiyya C. V. Raman ne ya gano haka a Indiya a 1928. Sai dai hasken da ƙwaya ɗaya tak ke maidowa yana da rauni ƙwarai. SERS da TERS hanyoyi biyu ne na ƙarfafa wannan haske don a iya ganinsa.

A hanyar SERS ana zuba sinadarin a kan ɓarɓashin azurfa ko zinariya, hasken leza ya taru a 'yan ratar da ke tsakaninsu, hasken da ƙwayar ke maidowa ya ninka sau miliyoyi. Da ita aka gano ƙwaya ɗaya a 1997. Tana da sauƙi da araha, amma sa'a ce ke kai ƙwayar wurin da ya dace.

TERS kuwa allurar ƙarfe ce mai tsini, mai bincike ya kai ta kan ƙwayar da ya zaɓa, ya haska bakinta. A 2013 masana a Hefei ta ƙasar Sin suka leƙa cikin ƙwaya ɗaya da ita, har suka bambance abin da bai kai nanomita guda ba, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Irin wannan aiki yana buƙatar sanyi mai tsanani da akwatin da aka zuƙe iskarsa, ga tsada.

Ga mai neman ganin girgizar ƙwaya ɗaya, ni dai TERS nake fifitawa.