Tsakanin M da Av: wanne ya fi dacewa da ɗaukar hoton mawaƙa a kan dandamali?

Wani ɗan'uwa mai ɗaukar hoto, wanda aka ba aikin ɗaukar hotunan wasan kiɗa na dare a Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda da ke nan Yamai, ya tambaya ko ya bar kyamararsa a kan Av ko kuwa ya mayar da ita M, wato tsari biyu na daidaita hasken hoto. Kyamarar Canon 700D ce, gilasan da yake ɗaura mata (lens) kuma biyu ne, wato mai milimita 18-55 da ake sayar da ita da shi, da kuma 50 mai buɗewa har f/1.8 (ƙaramar lamba bayan f tana nufin ƙofar haske mai faɗi). Ya ce da Av ya saba aiki a wajen biki da suna, amma an faɗa masa cewa fitilun dandamali ba su da tabbas. Amsata, ɗan'uwa, ita ce M ga mafi yawan daren, sai dai akwai lokutan da Av ya fi, kuma gara ka san su tun kafin makaɗa su hau.

A kan Av kai ne ke zaɓar faɗin ƙofar haske da ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ita kuma kyamara ta zaɓi saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, a kowane hoto bisa abin da ma'aunin haskenta ya gaya mata. A kan M duka ukun suna hannunka, ma'aunin shawara kawai yake bayarwa, ka ɗauka ko ka bari. Saboda haka tambayarka ta koma guda ɗaya, wato ko za a iya amincewa da ma'aunin haske a gaban dandamali.

Ma'aunin da ke cikin kyamara bai san mawaƙi ba, bai san labule ba. An ƙera shi ne ya tattara duk hasken da ya shigo ya mayar da shi matsakaicin toka-toka, tamkar mai awon da ya haɗa gero da ƙaiƙayi a tiya ɗaya ya ce ga nauyin gero. Da rana a tsakar gida wannan ba ya cutarwa, domin haske ya bazu ko'ina, shi ya sa Av bai taɓa ba ka kunya a wajen suna ba. A dandamali kuwa, fitila tana kan mutum ɗaya, bayansa baƙin labule ne ko duhun sama. Av yana ganin duhun ya yi yawa, sai ya rage saurin ƙiftawa don ya haskaka shi, kuma da wannan mataki guda yake jawo ɓarna biyu: fuskar mawaƙin da rigarsa su ƙone da haske, hannun makaɗin kuma ya fito dishi-dishi. Bayan daƙiƙa kaɗan wata fitila daga bayan dandamali ta juyo ta haska cikin gilashinka, ko kuma masu liƙi su hau da fararen shaddodinsu su cika hoton, nan take ma'aunin ya ga haske ya yi yawa, ya ƙara sauri, fuskar mawaƙin ta nutse cikin duhu. Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan yanayi uku hasken da ke sauka a fuskar mawaƙin bai canza ba ko kaɗan. Abin da ke kewaye da shi ne ya canza. M ba ya kula da kewaye. Idan ka daidaita shi a kan fuskar sau ɗaya, hotunan uku za su fito da haske iri ɗaya, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa na fifita shi.

Masu son Av suna da magani biyu, kuma ya kamata a yi musu adalci. Na farko shi ne a umarci kyamara ta rage mataki ɗaya ko ɗaya da rabi daga abin da ta auna (rage mataki ɗaya shi ne rage rabin hasken). Wannan yana gyara matsalar baƙin labule, amma ragin yana bin ma'aunin ne duk inda ya je, don haka idan farar shadda ta shigo, hoton da dama zai yi duhu sai ya ƙara duhu. Na biyu shi ne awon tabo, wanda ke auna ɗan ƙaramin wuri kawai. 700D tana da shi, yana auna kusan kashi 4 cikin 100 na abin da kake gani, amma a tsakiya yake daram, ba ya bin wurin da ka sa fokas kamar yadda yake yi a kyamarorin Nikon. Mawaƙi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da zarar tabon ya zame daga kuncinsa ya faɗa kan farar hula ko baƙin labule, awon zai yi tsalle da mataki biyu ko uku. Idan kuma masu gitar Abzinawa ne suka hau, rawani ya rufe komai sai idanu, babu ma fuskar da za ka auna. A kan M awon tabo yana da amfani sosai, amma sau ɗaya: ka auna fuskar, ka bar allurar ma'aunin ƙasa da sifili kaɗan saboda baƙar fata ta fi matsakaicin toka duhu, ka ɗauki hoton gwaji, sannan ka daina kallon allurar.

Batun baƙar fata da farin tufafi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne wahalar da ta fi damun mu a nan. Shadda mai ƙyalli tana mayar da hasken fitila ninkin abin da fata ke mayarwa, kuma kyamara ba ta iya riƙe duka biyun cikin sauƙi. Wurin da ya ƙone fari fat ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da aikin zaren da ke wuyan rigar, amma fuskar da ta ɗan yi duhu ana iya ɗaga ta daga baya idan da RAW aka ɗauka, wato tsarin da ke ajiye hoto da cikakken bayaninsa. Don haka ka duba hoton gwajinka, ka danna maɓallin INFO har jadawalin haske (histogram) ya bayyana, ka ga ko rigar tana walƙiya alamar ƙonewa. Idan ɗan ƙyalli ne a kafaɗa, ka ƙyale shi. Idan gaban rigar ne gaba ɗaya, ka rage. Kada ka yi hukunci da hasken allon kyamara kawai, domin a cikin duhu kowane hoto yana fitowa da haske fiye da yadda yake.

Wuri na biyu da suka rabu shi ne saurin ƙiftawa. Mawaƙin da ke tsaye yana rera waƙa yana buƙatar 1/250 na daƙiƙa. Mai kalangu, mai ganga da ƴan rawa suna buƙatar 1/500, wani lokaci ma hannun ba zai tsaya cak ba, wanda ba laifi ba ne muddin fuskar ta fito sarai. Mai gurmi ko molo da ke zaune ana iya samun sa a 1/125. A kan M ka sa lambar ta zauna. A kan Av ba ka da wannan tabbaci, kuma idan ka haɗa shi da ISO mai sarrafa kansa, 700D ba ta ba ka damar ƙayyade mafi ƙarancin sauri ba, za ta sauka wajen 1/60 ko 1/80 da gilashin 50, domin lissafinta na rawar hannunka ne, ba na motsin makaɗi ba. Haka ma na'urar hana girgiza da ke cikin 18-55, hannunka take riƙewa, ba ta riƙe mai rawa.

To, ina Av ya fi? Ya fi idan hasken da ke kan mutumin ne da kansa yake canzawa, kuma babu duhu mai yawa a kewaye. Wasan da aka fara bayan la'asar a fili, rana tana faɗuwa a hankali har magariba, aikin Av ne, domin a kan M za ka yi ta gyara kowane ƴan mintuna, kuma wanda ya manta zai tarar da jerin hotuna masu duhu. Ya kuma fi idan ka juya baya ga dandamali don ɗaukar ƴan kallo, waɗanda haskensu ya gaza na mawaƙa da matakai da yawa, ga shi sau da yawa abin da kake so ka kama ba ya jiran ka murɗa lambobi. Amma fitilu masu walƙiya da masu yawo ba su da gwani tsakanin biyun. A nan sai ka daidaita M a kan lokacin da haske ya cika, ka saurari kiɗan, domin mai fitilu yawanci da amshi yake tafiya, ka danna a daidai lokacin da ka san hasken zai dawo.

Akwai hanya ta uku da za ka ji ana yabawa, wato M tare da ISO mai sarrafa kansa, inda kake kulle sauri da ƙofa ka bar wa kyamara ISO. Tana kawar da matsalar dishi-dishi, amma ta mayar da kai hannun ma'aunin nan da muka ce ba shi da amana. A kan Nikon da Canon da suka fito daga baya irin su 80D ana iya haɗa ta da ragin mataki ɗaya, ta yi aiki mai kyau. A kan 700D, da ma 5D Mark III duk da tsadarta, ba a iya yin ragin a wannan yanayi, don haka fuska za ta riƙa ƙonewa a gaban baƙin labule. Idan kana son makamancinta a kyamararka, ka koma Tv, inda kai ke zaɓar sauri kyamara ta zaɓi ƙofa, ka sa 1/250, ka bar ISO ya sarrafa kansa, ka rage mataki ɗaya. A cikin duhu kyamara za ta buɗe ƙofa da kanta har ƙarshe. Ina ganin wannan ya fi Av nesa ba kusa ba a daren da fitilu suka ƙi zama, ko da yake ban fifita shi a kan M ba.

Za ka iya cewa M yana da jinkiri tunda 700D mamurɗi ɗaya gare ta, kuma sai ka danne maɓallin Av kafin ka canza ƙofa. Gaskiya ne, amma ba ka da dalilin taɓa ƙofar bayan ka ajiye ta. ISO a wannan kyamara da cikakken mataki yake tafiya, 800, 1600, 3200, 6400, don haka ka yi babban gyara da shi, ƙaramin gyara kuma da mamurɗin sauri, tsakanin 1/200 da 1/500, ba tare da ka ɗauke ido daga kyamara ba.

Zaɓin gilashi zai yi maka tasiri fiye da duk wannan muhawara. A ce fuskar mawaƙi ta daidaita a f/2 da 1/250 da ISO 1600. Idan ka ja 18-55 zuwa ƙarshensa, ƙofarsa ba ta wuce f/5.6, ratar mataki uku ke nan, wato kashi ɗaya cikin takwas na hasken, kuma don ka riƙe saurin nan sai ka hau ISO 12800, inda hoton wannan kyamara ke cika da tsaki-tsaki launi kuma ya dushe. Saboda haka 50 ne zai yi aikin daren, kuma a kan 700D yana gani kamar 80 a babbar kyamara (full frame), daidai da hoton mutum daga ƙugu zuwa sama idan kana bakin dandamali. Ka bar 18-55 don hoton dandamali gaba ɗaya a 18, inda yake buɗewa f/3.5. Na ce f/2 maimakon f/1.8 saboda asarar hasken kaɗan ce, hoton kuma ya fi kaifi. Ka tuna cewa a nisan mita 3 da f/1.8 abin da zai fito sarai bai wuce zurfin santimita 25 ba, kuma makirfo yana gaban bakin mawaƙi yana jiran ya sace fokas. Ka sa AI Servo, wato fokas mai bin abin da ke motsi, ka zaɓi ɗigon fokas ɗaya da kanka, ka ɗora shi a kan ido, ka kuma tsaya ta gefe kaɗan yadda makirfon ba zai raba fuskar biyu ba.

Launi ba ya cikin bambancin M da Av, amma yana iya ruɗin su duka. Jar fitilar LED ko shuɗiya takan cika launi guda har ya ƙone alhali jadawalin haske na gama-gari yana nuna komai lafiya, don haka ka duba jadawalin launuka uku, ka rage kaɗan idan ja ya kai bango. Ka ɗauka da RAW, ka kulle daidaiton fari (white balance), wato saitin launin haske, a kan hasken rana, wato kusan 5200K, ko a kan fitilar tangistin, kusan 3200K, idan tsofaffin fitilun halojin ne a gaba, don hotunan su zo iri ɗaya wajen gyara. Wutar lantarkinmu 50 Hz ce, wasu fitilu suna kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, kuma 700D ba ta da maganin wannan. Idan ka ga hotuna biyu a jere da saiti ɗaya sun bambanta a haske ko launi, ba kai ba ne, ka sauko 1/100 ga waɗanda ba sa motsi sosai, ka ɗauki uku-uku ga sauran. Filasha kuwa ka bar ta a jaka, tana kashe launin dandamali tana kuma damun makaɗa.

Ka fara da M, f/2, 1/250, ISO 1600, ka kasance a shirye ka hau 3200 ba tare da fargaba ba, domin tsaki-tsaki yana raguwa a kwamfuta, dishi-dishi kuwa ba ya gyaruwa. Ka isa wurin lokacin gwajin sauti, ka roƙi mai fitilu ya kunna maka fitilun gaba yadda za su kasance a wasan, ka sa wani mai farar riga ya tsaya inda mawaƙi zai tsaya, ka yi awonka a kansa. Ka kuma auna gefen dandamali inda masu amshi da makaɗa ke tsayawa, domin sau da yawa haskensu ya gaza na tsakiya da mataki ɗaya ko fiye, ka riƙe lambobin biyu a ka.