Injin ban ruwa mai sola: rani biyu ina aiki da shi a fadamar Auyo

Gaskiya ba kishin sauyin yanayi ya sa na saye shi ba, aljihu ne ya kora ni. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ke cinye ribar albasata tun tana gona. Na sayar da bijimi ɗaya, na cika da kuɗin adashe, na ɗauko injin da farantansa huɗu daga wani shago a Haɗeja.

Shirunsa ya fara burge ni. Tsohon injina in ya tashi, sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji, ga hayaƙi, ga fulogi kullum cikin lalacewa. Wannan kuwa da hantsi ya dubi ludayi sai ka ji ruwa na ɓulɓulowa daga tiyo, fangali na cika, ba ka zuba ko ɗigon mai ba.

Ɗana da ke karatu a Dutse shi ya kawo zancen hayaƙin. Ya ce, "Baba, lita ɗaya ta fetur in ta ƙone, iskar kabon da take saki ta haura kilo 2." Na ce kai, ita litar ma ba ta kai kilo ba! Ya ce ai da iskar da muke shaƙa take haɗuwa ta ƙara nauyi. Ita kabon ɗin a sama take taruwa kamar bargo: rana ta dafa ƙasa, zafin ya nemi komawa, ta tare wani sashe. Kafin zamanin masana'antu wajen kashi 280 ce cikin miliyan na iskar sama, yau ta wuce 420. Iska mai ɗumi kuma ta fi riƙe danshi, shi ya sa in ta tashi saukewa takan sauke ruwa da yawa lokaci guda. Sai na tuna 2022, da ruwa ya yi mana gyara, shinkafata ko buhu ban ɗauka ba. Na ce to ɗan injina ne ya jawo? Ya yi dariya, ya ce duk Afirka kasonta ƙalilan ne, manyan su ne Chaina da Amurka.

Yanzu ga inda yake ba ni haushi. Ranar da hazo ya sauko, ruwan sai ya koma kamar na buta, dole a bi farantan da tsumma safe da azahar. Da la'asar sakaliya ya tashi aiki ke nan, ni kuwa na saba ban ruwan dare. Mai shagon ya yi alkawarin turo yaronsa in an samu matsala. Da wayar wutar injin ta ƙone sati biyu ina kira, a ƙarshe wani mai gyaran rediyo ya haɗa min. Ga ɓarayi, kullum yamma sai mun loda farantan a amalanke zuwa gida.

Mai albasa, attaruhu ko tumatir a 'yar gona, ya saya, zai mayar da kuɗinsa. Mai shinkafa da yawa kada ya yi saurin rabuwa da tsohon injinsa. Nawa yana zaure, na lulluɓe shi da buhu saboda kwanakin hazo.