Wata huɗu ina kai Inna gidan yinin tsofaffi

Tun kafin likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ya ce mana ciwon mantuwa ne irin na Alzheimer ke damun Inna, mahaifiyata, ba iska ba kamar yadda dangi suka dage, barci ya ƙaurace wa gidanmu. Inna ta yini tana gyangyaɗi, dare na yi ta tashi ɗaure kaya, wai za ta Dukku wurin babanta da ya rasu tun ba a haife ni ba. An ba ta wani magani mai suna donepezil, likitan kuma bai ɓoye mana ba: sassauci ne kawai, ciwon ba ya warkewa.

Wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya ce ke karɓar tsofaffi a gidanta, daga 9 na safe zuwa 4 na yamma. Da kunya na fara kai ta. Wata gwaggona har cewa ta yi na kai uwata ajiya.

Makon farko kuka da zagi ne. A na uku na je ɗaukarta na tarar da ita kan tabarma, faifai a cinya tana tsince wake, tana gyara wa wata tsohuwa karatun Tabaraka. Matar da ba ta tuna ko ta karya kumallo! Mai gidan ta ce, "'Yata, abin da ya shiga tun ƙuruciya shi ke jimawa, na jiya ke fara zubewa." Shi ya sa ba sa tsare su da "kin gane wannan?", hannunsu kawai suke ba aiki.

Mantuwar tana nan, jiya ma da sunan ƙanwarta ta kira ni. Amma tunda ba a barinta ta kwanta da rana, yawancin darare sai asuba take farkawa. Ni ma na koma shagona.

Ƙorafina biyu. Masu taimakon ba sa daɗewa, mai wannan ciwo kuwa ba ya son baƙuwar fuska. Da aka canza yarinyar da ta saba da ita, kwana biyu Inna ta ƙi abinci. Sannan ana tashi ƙarfe 4, daidai lokacin da rikicewarta ta yamma ke somawa, sai mu ƙare da rigima cikin keke napep har gida. Na roƙi a ƙara awa ɗaya ko da ƙarin kuɗi, an ce sai bayan Sallah.