Matrigel: abin da yake nunawa game da tsirowar jijiyoyin jini, da inda ya kasa

Kusan shekara biyu ke nan ina aiki da Matrigel, samfurin da kamfanin Corning na Amurka yake sayarwa, wajen gwada yadda ƙwayoyin halittar da ke shafe cikin jijiyoyin jini suke haɗuwa su yi sababbin hanyoyi. Ɗalibai da dama masu binciken magungunan gargajiya sun tambaye ni ko ya cancanci kuɗin da ake zubawa a kansa. Ya cancanta, muddin mai saye ya san iyakar abin da zai iya gaya masa, kuma yana da sanyin da zai riƙe shi.

Ƙwayoyin halittar jiki suna zaune ne a kan wata shimfiɗa ta furotin da su da kansu suke saƙawa, kuma ƙarƙashin ƙwayoyin da ke cikin kowace jijiya akwai wata siririyar tabarma irin wannan. Matrigel ita ce tabarmar a cikin kwalba. Ana tatso shi daga wani ƙarin sankara na ɓera mai suna Engelbreth-Holm-Swarm, wanda yake samar da irin waɗannan furotin da yawan gaske, kuma Hynda Kleinman da abokan aikinta ne suka haɗa shi a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka a shekarun 1980. Kusan kashi 60 cikin 100 nasa laminin ne, kusan kashi 30 kolajin nau'i na 4, sai entaktin da wasu furotin masu ɗauke da sarƙar sukari, tare da ɗan abin da ya maƙale na sinadaran da ke sa ƙwayoyi girma.

Halinsa na farko da mai saye zai yi karo da shi kishiyar abin da muka sani ne a madafa. Romon ƙafar sa yana kamewa idan ya huce, ya narke idan ya ji wuta. Matrigel kuwa ruwa ne a digiri 4 na ma'aunin Celsius, yana fara kauri da zarar ya kai wajen digiri 10, a zafin ɗaki kuma ya daskare nan take. Saboda haka ana ajiye shi a digiri 20 ƙasa da sifili, a narkar da shi kwana guda a cikin ƙanƙara, kuma duk abin da zai taɓa shi, daga bakin bututun ɗiba har farantin gwaji, sai an sanyaya shi tukuna. Na taɓa barin kwalba tana narkewa a firiji, wuta ta ɗauke cikin dare, janareta bai tashi ba, da safe na tarar da ita ta kame ƙam. Mayar da ita cikin ƙanƙara na kwana biyu ya sa ta sake zama ruwa, amma ban amince in yi gwajin da zan rubuta sakamakonsa da ita ba. Tun daga ranar nake rarraba kowace sabuwar kwalba a ƙananan mazubai, in riƙa ɗaukar na yini ɗaya kawai.

Idan an kiyaye wannan, aikin da yake yi abin kallo ne. Nakan zuba maikirolita 50 a kowane rami na faranti mai rami 96, wato kwalbar mililita 10 tana isar rami kusan 200, in bar shi rabin awa a digiri 37 ya kame, sannan in yayyafa ƙwayoyin da aka samo daga jijiyar igiyar cibiyar jarirai. Waɗannan ƙwayoyi, in a kan roba tsura aka zuba su, bajewa suke yi su rufe ƙasa kamar daɓe, suna ta hayayyafa. A kan Matrigel kuwa, kafin awa biyu sun fara miƙewa suna neman juna, zuwa awa shida sun jeru sun yi zare-zare masu haɗuwa kamar saƙar zuma. Ƙwayoyin ɗaya ne, ruwan abincinsu ɗaya ne, shimfiɗar kaɗai aka sauya. Tun 1988 wani mai bincike mai suna Kubota da abokansa suka bayyana wannan gwaji, kuma har yau ban ga hanya mafi sauƙi ta nuna wa ɗalibi cewa furotin da ke kewaye da ƙwaya yana ba ta umarni ba.

Yadda umarnin yake isa shi ne ta wasu ƙugiyoyi da ke jikin ƙwayar, waɗanda ake kira integirin. Idan suka kama laminin, saƙo yakan shiga ciki ya sauya tsarin zaruruwan da ke riƙe siffar ƙwayar da irin furotin da take samarwa. Shimfiɗar kuma rumbu ce: wasu nau'o'in VEGF, babban sinadarin da ke kiran sababbin jijiyoyi, suna maƙalewa a jikinta har sai wasu sinadarai masu yanka furotin sun sake su. Yankan kansa yana iya haifar da akasin haka, domin endostatin, wanda aka gano a 1997 a ɗakin binciken likitan Amurka Judah Folkman, guntun kolajin nau'i na 18 ne, kuma hana jijiyoyi tsirowa yake yi. Folkman ɗin ne ya gabatar da ra'ayi a 1971 cewa ƙari ba ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu sai ya jawo wa kansa hanyar jini, kuma daga wannan tunani aka kai ga magunguna irin su Avastin, da aka amince da shi a Amurka a 2004.

A nan ne kuma nake jan kunnen masu saye. Tsirowar jijiya a jiki tana farawa ne da fasa tsohuwar tabarma, ƙwaya ɗaya ta yi jagora ta kutsa cikin kolajin nau'i na 1 ko cikin fibirin ɗin da ke gudan jini a bakin rauni, na bayanta su hayayyafa, a buɗe rami, jini ya bi. Kaɗan ne daga cikin wannan yake faruwa a kan Matrigel, inda ƙwayoyin suke jeruwa a sama kawai, kuma saƙar takan fara wargajewa cikin yini guda. An kuma san cewa wasu ƙwayoyin da ba na jijiya ba ma suna iya yin irin wannan zare a kansa. Ga shi daga dabba aka tatso shi, don haka yawan furotin da sinadaran girma yana bambanta daga zubi zuwa zubi. Kamfanin yana bayyana yawan furotin na kowane zubi, yana kuma sayar da nau'in da aka rage wa sinadaran girma, wanda shi nake ba da shawarar a saya idan ana gwada abin da ake zaton yana ƙara tsirowar jijiyoyi. Duk da haka wajibi ne a kammala gwaji ɗaya da zubi ɗaya. Yana ɓata mini rai in ga an ɗiga ruwan wani ganye, zaren ya ragu, a fito a ce an samu maganin sankara, alhali wataƙila ganyen kashe ƙwayoyin kawai ya yi, kuma ba a auna hakan ba.

Akwai makamantansa a kasuwa, irin su Geltrex da Cultrex, waɗanda daga ƙarin ɓera iri ɗaya aka samo su, don haka matsalarsu kusan ɗaya ce. Dukansu da tsada, kuma a cikin busasshiyar ƙanƙara ake jigilarsu, abin da ke sa kowane jinkiri a filin jirgin sama ya zama barazana ga kayan. Wanda ba shi da firiza mai tsayayyiyar wuta, gara ya fara da ƙwan kaza mai ɗan tsako a ciki, inda ake buɗe ƴar taga a ɓawo a kalli jijiyoyi na gaske, masu jini a ciki, suna tsirowa a tantanin da ke kewaye da ɗan tsakon. Ni kaina yanzu da Matrigel nake tace abubuwan da zan gwada, in ƙirga zaren da manhajar ImageJ wadda kyauta ce, sannan duk wanda ya nuna alama in kai shi kan ƙwai kafin in rubuta komai a kansa.