Makarantar mishan ko ta gwamnatin Turawa?

In kana da yaro a Arewa wajen 1930 kuma kana so yayi boko, hanya biyu ce gabanka.

Ta gwamnati dai an gina ta ne don ƴaƴan sarakuna da malamai, tun daga makarantar Dan Hausa (Baturen nan Hanns Vischer) a Nasarawa Kano 1909 har Kwalejin Katsina 1922. Ba a taɓa maka addini, ana ma koyar da Larabci, amma gurbi kaɗan ne, talaka sai dai yaji labari, mata kuwa ba'a ma maganarsu. Ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, Turawa ke nema, shi kenan.

Ta mishan fa ƙofa a buɗe take, ɗan manomi, maraya, ƴa mace duk suna shiga, ga asibiti a gefe kamar Wusasa inda aka maida mishan ɗin Dokta Miller daga cikin birnin Zariya a 1929, Dokta Dikko likitan farko a Arewa ma ɗalibinsu ne. Sai dai wa'azi ne ya kawo su, yaro zai iya dawowa ya bar addinin gidansu, wannan kuwa ba ƙaramin ciwo bane ga iyaye wallahi.

Ni laifin gwamnati nafi gani, tunda ta taƙaita mishan a masarautu ai sai ta gina makarantu masu yawa da harajin da take karɓa.