Kajin da aka ce min sati mai zuwa za su fara ƙwai

Guda 10 na saya, jajayen nan na gidan gona, a wurin wani mai talla a WhatsApp. Ya rantse min satinsu 18 da ƙyanƙyasa. "Hajiya, ke dai ki tanadi kiret," in ji shi.

Na tanadi kiret, ya zauna sati 6 cur yana shan ƙura. Kullum da asuba sai na leƙa akurki ina lalube cikin ɓuntu, ba komai. Ga ci kamar gara! Kaza ɗaya tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, buhu mai kilo 25 sati 3 yake yi musu. Buhu 2 suka tashi ban ga ko ɓawo ba, kuma kun san kuɗin buhu yanzu.

Wata maƙwabciyata da ta daɗe tana kiwo ce ta warware min. Ta kama ɗaya, ta nuna min zankonta ɗan ƙarami, fari-fari, bai yi jajir ba. Ta juya ta, ta sa yatsa tsakanin ƙasusuwan nan biyu na ƙasan wutsiya, da ƙyar ɗaya ya shiga. Ta ce wadda ta kusa ƙwai yatsu biyu ke shiga. "Maman Khalifa, 'yan mata aka sayar miki a kuɗin matan aure." Abin da ya fi ƙona min rai, tun ranar farko abincin masu ƙwai nake ba su, mai yawan sinadarin ɓawo, wanda bai dace da ƙananan kaji ba. Na kira mai tallan, ya ce sanyin hunturu ne. Daga nan ya daina ɗagawa.

Amma gaskiya ɗaya ce, da suka fara, Masha Allah. Ƙwai 8, wata rana 9, manya, ɓawo mai ƙwari. Har sai da ajiya ta zame min aiki da bazara ta shigo. Ba na wanke su, in akwai kashi sai in goge da busasshen tsumma, don ruwa yana cire rufin da ke tare ƙwayoyin cuta. Ina jera su tsini ƙasa, in rubuta kwanan wata da fensir, in ajiye kiret a gindin randa. Wanda na yi kokwanto in jefa a kofin ruwa, sabo ya nutse ya kwanta, tsoho ya taso. Har maƙwabta na fara sayar wa.

To amma duk lokacin da na tuna takardar rigakafin da mai tallan ya ce zai aiko, raina sabo yake ɓaci. Har yau shiru. Dole na sayo maganin rigakafin da ake kira Lasota na sake ba su a ruwan sha, don ba zan zuba ido annobar hunturu ta kwashe min su ba. Kajin ba su da laifi, zan sake sayen irinsu. Shi kuwa na goge lambarsa, kuɗin buhu 2 kuma ban yafe ba.