Getwe mai cin layi ko lambar kira ta kamfanin taro?

Malam, ka tambayi yadda za ka haɗa masu ƙananan wayoyi da taronku na bidiyo. Ni dai getwe mai cin layi, wato akwatin da ake sa wa sim ya haɗa kiran waya da na'urar taro, zan ce ka saya, ka bar zancen hayar lambar kira daga kamfanin taro irin su Zoom.

Wanda muke da shi a ofis Yeastar TG400 ne, mai ɗaukar sim huɗu. Aikinsa bai da wuyar fahimta. Mutum ya kira lambar sim ɗin kamar yadda yake kiran kowa, akwatin ya karɓi kiran ya juya shi zuwa SIP, wato tsarin kira ta intanet, ya miƙa wa wata tsohuwar kwamfuta da muka ɗora wa Asterisk, manhajar sarrafa kira. Ita ce ke tattara masu kira wuri guda, sannan ta tura su ga na'urar bidiyo ta Polycom da ke ɗakin taro a matsayin kira ɗaya. Wannan tattarawar tana da muhimmanci, domin na'urorin bidiyo da yawa ba sa ɗaukar kira barkatai sai an sayi ƙarin lasisi. Idan na'urar bidiyonka tsohuwa ce da tsohon tsarin kira na H.323 kawai take ji, sai an ƙara abin da zai fassara tsakaninsa da SIP, don haka ka fara duba wannan kafin ka fitar da ko kwabo.

Ranar da na ƙara son akwatin nan, muna taro da abokan aikinmu na Abuja kan rabon iri. Wani dattijo, shugaban ƙungiyar manoma, ya kira daga ƙauyensu inda ko saƙon WhatsApp ba ya tafiya. Sai ga muryarsa tar a lasifika, har ana jin awaki a bayansa. Ya yi sallama, aka amsa masa daga allo, ya faɗi yawan buhunan da suka isa da waɗanda ba su isa ba, aka gyara lissafi nan take. Bai sauke manhaja ba, bai sayi data ba, katin kira kawai ya ci, a farashin cikin gida. Da ya gama sai da ya sa mana albarka.

Amma ka sani, sim ɗaya kira ɗaya ne. Huɗu suka shiga, na biyar zai ji layi a cike. Hoto kuma babu, murya ce zalla. Ka sa eriya kusa da taga, nesa da wayoyin lasifika, in ba haka ba za ka riƙa jin ƙugin nan na 2G. A saitin akwatin ka bar tsarin murya kan zaɓin G.711, danne-dannen lamba kuma kan zaɓin RFC 2833, don lambar sirrin shiga taro ta wuce daidai. Kuma ka jona shi da inbata.

Lambar kira ta su Zoom da Teams tana aiki, ban ce ba ta yi ba. Sai dai lasisi ne da ake biya kowane wata, ga canjin dala, kuma in lambar ta Amurka ko Ingila ce, talakan da ya kira kuɗin kiran waje zai biya. Getwe na layin ƙasa kuwa kada ma ka kalle shi, tun bayan durƙushewar NITEL, tsohon kamfanin waya na gwamnati, ofisoshi nawa ne ke da layin?

Wani abin da ba ka tambaya ba: ka yi hattara da 'yan kasuwar kayan nan. Akwai masu goge tsohon akwati su sa a sabon kwali, alhali masu satar hanyar kiran ƙasashen waje sun yi aiki da shi, kamfanonin waya sun toshe lambar IMEI ɗinsa, wato lambar shaidar na'urar. Akwai masu sayar da mai 2G da sunan 4G. Ka je da sim ɗinka na MTN da na Airtel, a gwada kowane ramin sim a gabanka, a kira a amsa, kuma a ba ka rasit mai lambar na'urar. Duk wanda ya ce zai saita maka shi ka riƙa shigo da kiran waje kamar na gida kana samun kuɗi, ka rabu da shi, hukumar sadarwa ta NCC ta haramta wannan, layukan kuma da NIN ɗinka aka yi musu rajista.

In masu kiranka ba za su wuce biyu a lokaci guda ba, TG200 mai sim biyu ma ya ishe ka. In sun fi haka, ɗauki mai huɗu, sabo, daga dilan da ke ba da garanti a rubuce.